Bencin Kakanni a Birnin Harare

Harare gari ne da ke zaune a kan tudu, mita wajen 1,500 sama da teku, shi ya sa iskarsa sakayau take, da asuba har sai mutum ya nemi mayafi mai kauri. Na sauka a watan Oktoba, lokacin da itatuwan jakaranda ke fure. Manyan titunan tsakiyar birnin duk sun rine da launin shunayya, sama da ƙasa, don furen zuba yake yi yana shimfiɗa a kan kwalta. Wanda ya taso daga Kuje, ya ratsa ta Adis Ababa, ya raba dare a kan kujerar jiran jirgi, idan ya buɗe ido a kan wannan, gajiyarsa takan ragu. Sai dai abin da ya fi tsaya mini a rai a ƙasar Zimbabuwe benci ne na katako, irin wanda kowane kafinta a kasuwar Kuje zai haɗa kafin la'asar.

Ni malamar sakandare ce, kuma ni aka ɗora wa ofishin ba ɗalibai shawara a makarantarmu, ofishin da a makarantu da yawa aikinsa bai wuce cike takardun jarrabawa ba. Taron malamai ne ya kai ni can. A wurin cin abincin rana na zauna kusa da wata malama 'yar garin, hira ta kai mu ga yaran da ke zuwa aji jikinsu na nan hankalinsu na wani wuri. Na ba ta labarin nawa, ta ba ni labarin nata, kusan duk ɗaya ne. Daga nan ta ce in har da gaske nake, in ware safiya guda ta kai ni Mbare.

Mbare ita ce unguwar baƙar fata mafi tsufa a Harare, tun zamanin da Turawa ke kiran birnin Salisbury. A nan babbar kasuwar Mbare Musika take, da tashar motocin da ke zuwa kowane lungu na ƙasar. Tun kafin gari ya waye manoma ke sauke tumatir da kabeji da masara, 'yan kamasho na ihu a bakin ƙananan bas-bas da suke kira kombi, ciniki kuma yawanci da dalar Amurka ake yinsa. Ga dogayen benayen Matapi, waɗanda aka gina wa leburori gwauraye a zamanin mulkin mallaka, yanzu iyali guda ne ke cunkushe a kowane ɗaki, shanya na lilo a tagogi. Ga filin wasa na Rufaro, inda aka yi bikin samun 'yancin kai a watan Afrilun 1980. A wata rumfa muka karya da sadza, wanda tuwon masara ne sak, da ganye da ɗan nama. Akwai Musulmi a unguwar, yawancinsu jikokin mutanen Malawi da aikin ƙwadago ya kawo, don haka ban rasa wanda zai amsa mini sallama ba.

Muka shiga harabar wani asibitin sha-ka-tafi na hukumar birni. Mata masu awon ciki sun yi layi, masu goyo na jiran rigakafi, komai kamar yadda muka saba. Can gefe, a inuwar wata bishiya, nesa da layin yadda ba mai jin abin da ake faɗa amma kowa na iya hangowa, ga benci. A kansa wata dattijuwa ce da littafi a cinya, kusa da ita wata yarinya da ba za ta wuce shekara ashirin ba. Ba mu matsa kusa ba, kuma ko mun so ba za a bar mu ba, wannan ita ce ƙa'idar farko. Daga inda muke na lura da abu guda. Bakin yarinyar ne ke motsi. Tsohuwar ta karkata kai, wani lokaci ta gyaɗa, wani lokaci ta jefa gajeriyar magana ta sake yin shiru. An ɗauki lokaci mai tsawo a haka. Na girma a hannun kakata, na zauna da tsofaffi iri-iri, Allah Ya saka musu da alheri, amma ban saba ganin babba ya zauna yaro na magana shi yana saurare har tsawon wannan lokaci ba.

Sunan shirin Friendship Bench, wato bencin abota, kuma wanda ya kafa shi likitan ƙwaƙwalwa ne, Farfesa Dixon Chibanda. Shi da kansa ya sha ba da labarin abin da ya tayar masa da hankali, har a wani jawabi da ya yi a dandalin TED a 2017. Akwai wata budurwa da yake dubawa, gidansu na da nisa sosai daga Harare. Jikinta ya tashi, aka shirya za ta dawo ya gan ta, ba ta zo ba. Daga baya mahaifiyarta ta kira shi ta ce yarinyar ta kashe kanta. Ya tambayi dalilin da ya hana su zuwa, uwar ta ce ba su da dala 15 ta kuɗin mota. A lokacin likitocin ƙwaƙwalwa a duk ƙasar ba su wuce goma sha biyu ba. Ya gane cewa muddin zai zauna a asibiti yana jiran marasa lafiya su same shi, waɗanda suka fi buƙatarsa ba za su taɓa isowa ba.

Wannan ya zo daidai da wani bala'in. A 2005 gwamnatin Robert Mugabe ta yi gagarumin rusau da ta kira Murambatsvina, wanda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ya raba mutane kimanin 700,000 da gidajensu ko sana'o'insu. Mbare na cikin wuraren da abin ya fi shafa. Mu mutanen Kuje ba sai an yi mana bayanin abin da rusau ke yi wa zuciya ba, don da yawa daga cikin maƙwabtanmu rusau ɗin Abuja ne ya koro su gefen gari. Chibanda ya je wurin hukumar lafiya ta birnin yana neman a taimaka. Aka ce masa ma'aikatan jinya aiki ya yi musu yawa, ɗakuna babu, kuɗi babu. Abin da za a iya ba shi shi ne tsofaffin mata goma sha huɗu, waɗanda dama suna zagaya unguwa suna wayar da kan jama'a game da tsafta da rigakafi, sai kuma filin harabar asibiti. Da waɗannan ya fara a 2006.

Abin da ya ƙara mini ganin girman mutumin shi ne ya yarda tsofaffin su gyara masa aiki. Da farko sunan lafiyar ƙwaƙwalwa aka liƙa wa bencin, mutane suka ƙaurace masa, don ba wanda yake so a gan shi a kan kujerar mahaukata. Kakannin ne suka ce a sauya suna. Su ne kuma suka ce ya ajiye manyan kalmomin likitanci, a yi wa mutane magana da abin da su da kansu suke kiran ciwon, wato yawan tunani. Likita mai digiri ya saurari matan da wasunsu karatunsu bai yi nisa ba, ya ɗauki shawararsu. Sauraron da na gani a kan benci, ashe daga sama ya faro.

Bayan yarinyar ta tafi, abokiyar tafiyata ta gabatar da ni, muka gaisa da dattijuwar. Ambuya ake kiransu, wato kaka, ita kuma da ta ji daga inda na fito sai ta riƙa ce mini 'yata. Ba ta faɗa mini komai game da yarinyar ba, ni ma ban tambaya ba. Tsarin aikin ta bayyana mini, malamar na fassarawa. Duk wanda ya zo, da farko akwai tambayoyi goma sha huɗu da ake yi masa cikin harshen Shona, amsarsu i ko a'a: barci, kuka, yawan tunani, kasa yin aikin yau da kullum, jin cewa rayuwa ba ta da amfani. Wani likita, Vikram Patel, shi ya jagoranci tsara su a Harare tun shekarun 1990, daga kalmomin da marasa lafiya da kansu suke amfani da su. Idan amsoshin suka nuna mutum na tunanin halaka kansa, ko yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, kaka ba ta riƙe shi. Nan take za ta miƙa shi ga ma'aikaciyar jinya, daga nan zuwa likita idan ta kama. Ta san iyakar aikinta, kuma akwai na sama da ita da ke bibiyar abin da take yi.

Sauran, waɗanda su ne mafi yawa, su ake zama da su har sau shida, kyauta. Zaman farko na buɗe zuciya ne, mutum ya zazzage duk abin da ke cikinsa, kaka na rubuta matsalolin ɗaya bayan ɗaya. Sai ta karanta masa su, ta tambaye shi wacce yake so a fara da ita. Shi zai zaɓa. Sau da yawa, in ji ta, abin da mutum zai zaɓa ba shi ne wanda ita take ganin ya fi girma ba. Mace za ta lissafa cuta mai karya garkuwar jiki, da miji mai duka, da bashin haya, amma ta ce a fara da kuɗin makarantar ɗanta, don shi ne ke hana ta barci. Kaka ba ta musu. Sai su shiga lissafa hanyoyin da za a bi, nan ma daga bakin mai matsalar za su fito, ya zaɓi guda, a tsayar da ranar da zai gwada da yadda zai yi. Idan ya dawo a duba abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ya toshe ɓaraka guda da hannunsa yakan sami ƙarfin tunkarar ta gaba.

Na tambaye ta abin da ya fi mata wuya a horon da aka ba su. Ta yi dariya ta ce riƙe baki. Tsohuwa ta saba idan yaro ya kawo kuka ta gaya masa abin da zai yi, to a nan an hana ta. A wannan gaɓar na daɗe ina tunanin gida. Mu ba mu rasa tausayi ba, ba mu rasa masu hikima ba. Amma ku duba yadda muke karɓar yaro idan ya zo da damuwa. Kafin ya kai ƙarshen jimlarsa ta biyu mun tare shi: "Yi haƙuri." "Ka bar wa Allah." "Me aka rage ka da shi a gidan nan?" "Mu da muka taso ba takalmi ma ba mu mutu ba." Idan budurwa ce sai a ce aure take so, idan ta cika kuka a ce iska ce. Haƙuri gaskiya ne, tawakkali kuma ginshiƙi ne, ba mai jayayya da wannan. Sai dai idan aka faɗe su kafin a ji abin da ke tafe da mutum, sun zama murfi, yaron ya koma da kayansa yadda ya zo, ya kuma koyi cewa ba a faɗa. Mutanen Zimbabuwe ma masu addini ne ƙwarai, a bayan gari za ka ga jama'a cikin fararen kaya suna ibada a fili, kuma kakannin ba sa hana kowa addu'a. Abin da suka ƙara shi ne suna bari a gama magana tukuna.

Mai karatu na iya cewa wannan ai hira ce kawai. An gwada ta yadda ake gwada magani. An ɗauki mutum 573 a asibitoci 24 na Harare, rabi suka bi ta benci, rabi aka ba su kulawar da aka saba tare da ɗan ƙarin bayani. Sakamakon ya fito a mujallar likitoci ta JAMA a watan Disambar 2016. Bayan wata shida, cikin waɗanda suka zauna da kakanni kashi 14 cikin ɗari ne suka rage da alamun ciwon damuwa, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 50. Masu tunanin kashe kansu kashi 2 ne a nan, 12 a can. Tun daga lokacin shirin ya bazu a faɗin ƙasar, ya tsallaka Malawi da Kenya da Zanzibar, har biranen Amurka irin su New York da Washington suka kwaikwaya. Abu ne da aka ƙirƙira a unguwar talakawan Afirka, masu arziki suka zo suna koyo.

Ni dai matasa ne damuwata, don haka na yi tambayar da ke cina: yaro ɗan shekara goma sha bakwai zai iya duban sa'ar kakarsa ya ce mata yana shan ƙwaya? Yarinya za ta iya ce mata ta yi ɓatan wata? Amsar ita ce wasu suna iyawa, da yawa ba sa iyawa, kuma masu shirin sun gane haka. Shi ya sa suka buɗe reshe na matasa, inda ake horar da ɗaliban jami'a su zauna da 'yan uwansu matasa a kan tsari iri ɗaya, a makarantu da unguwanni, wani lokaci ma ta WhatsApp, wanda ya ƙaru sosai tun zamanin korona. Na haɗu da ɗaya daga cikinsu, wani saurayi mai sanyin magana. Ya lissafa mini abin da ake yawan kawo masa: faɗuwa jarrabawa, korar makaranta saboda kuɗi, cikin da ba a shirya ba, iyayen da suka tafi ci-rani Afirka ta Kudu suka bar yara a hannun dangi, zaman banza bayan kammala karatu. In ban da sunan ƙasar da iyayen suka tafi, wannan jerin da ɗalibaina ne suka rubuta shi ba abin da zai canza.

Akwai kuma wani shiri mai suna Zvandiri, wanda ya faro a 2004, na yaran da aka haifa ko suka taso da cuta mai karya garkuwar jiki. Matasa masu ɗauke da cutar ake horarwa su riƙa bibiyar ƙannensu, su tuna musu shan magani, su ziyarce su a gida. Da aka koya wa waɗannan matasan salon tattaunawar benci, aka gwada a kan yara 842 'yan shekara 10 zuwa 19, binciken da ya fito a 2022 ya nuna alamun damuwa sun ragu sosai fiye da inda ba a koyar ba, ko da yake adadin ƙwayar cutar a jini bai bambanta ba. Masu binciken sun faɗi duka biyun, abin da ya yi da wanda bai yi ba, kuma wannan gaskiyar ta ƙara mini yarda da su.

Kada a ɗauka Mbare aljanna ce. A bayan benayen Matapi na ga samari a zube da rana tsaka, idanu sun kaɗa. Suna da wata ƙwaya mai kama da ƙanƙara da suke kira mutoriro, suna da maganin tari mai kodin da suke kira Bronco, irin wanda ya addabe mu har gwamnatin Najeriya ta hana shigo da shi da sarrafa shi a 2018. Benci ba ya warkar da wanda ƙwaya ta riga ta cinye, ba ya samar da aikin yi, kuma alawus ɗin kakannin bai taka kara ya karya ba. Amfaninsa yana tarar yaro tun yana matakin rashin barci da ƙuncin zuciya, kafin ya je neman sauƙi a kwalba. Waɗanda suka gama zamansu shida kuma ba a sallamarsu haka nan. Akwai da'irar da suke haɗuwa duk mako, su yi hira, su koyi saƙa jakunkuna da tsofaffin ledoji suna sayarwa. Na sayi guda, saƙar ta yi kyau, kuma matar da ta sayar mini ta ƙirga kuɗinta da fara'ar wanda ya ci guminsa.

A jirgin dawowa lissafin gida na riƙa yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya na fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan cututtuka kafin shekara 14 suke farawa. A ajin da ke da ɗalibai saba'in, yara goma ke nan. Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, kuma kullum raguwa suke yi saboda masu ficewa waje. Binciken shan miyagun ƙwayoyi na 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne ke sha a ƙasar. Uwar da ke Rubochi ko Gudun Karya, idan ɗanta ya daina magana ya daina cin abinci, ina za ta nufa? Asibitin koyarwa na Gwagwalada, ko sashen masu taɓin hankali na Karu, ko kuma Barnawa a Kaduna. Kowanne kuɗin mota ne, da kwana, da barin gona. Dala 15 ɗin nan da ta ci ran budurwar da Chibanda yake dubawa tana nan a ƙauyukanmu, da naira kawai ake ƙirga ta.

Idan asibiti ya yi nisa, abin da ke kusa ake kamawa. Kowa ya tuna watan Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum fiye da 300, da yawansu yara da samari, wasu da mari a ƙafa, sannan aka sami irinsa a Daura da wasu garuruwan. An zagi iyayen da suka kai 'ya'yansu, amma ni na san irin waɗannan iyayen. Na taɓa samun ɗalibi mai ƙoƙari da ya fara kwana a aji, ya daina wanka, ya daina shiga cikin abokai. Kafin zangon ya ƙare mahaifinsa ya ɗauke shi ya kai shi wani gidan gyaran tarbiyya a wata jiha. Mutumin ba mugu ba ne, kuka ya yi a gabana. Ya ga ɗansa na zamewa daga hannunsa, kuma tsakanin gidansa da gidan mari ba wata tasha da zai tsaya. Ita wannan tashar ta tsakiya ce mutanen Harare suka gina.

Yaran Kuje kuma suna ɗauke da kayan da ya fi na jarrabawa nauyi. Daren 5 ga Yulin 2022, da aka fasa gidan yarin garin fursunoni fiye da 800 suka tsere, yaran unguwannin da ke kusa a ƙarƙashin gado suka kwana suna jin fashewar bam da harbi. Aka gyara katanga, aka ƙaro jami'an tsaro, su kuwa yaran suka koma aji ba wanda ya tambaye su abin da suke gani idan sun rufe ido. Ga waɗanda aka sace wa uba ko maƙwabci a hanyar Pegi. Ga samarin da rikicin Borno da Zamfara ya koro, suna acaba ko tura kurar ruwa, kowanne da abin da ya gani da idonsa wanda bai taɓa faɗa wa kowa ba.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne wannan tunanin ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda maimakon a kulle marar lafiya, sai a sauke shi a gidajen mutanen ƙauyen da ke kewaye da asibiti tare da wani ɗan uwansa, ya riƙa zuwa karɓar magani yana rayuwa cikin jama'a, har da masu maganin gargajiya aka yi aiki. Duniya ta yaba, shi kuma daga baya ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. A Ibadan, Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun nuna cewa ma'aikatan ƙananan asibitoci na iya kula da ciwon damuwa idan an horar da su. A watan Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma amince cewa mai wannan lalura yana da haƙƙi da mutunci. Ilimin yana nan, dokar tana nan. Abin da bai iso unguwa ba shi ne mutumin da zai zauna ya saurara.

Ba na cewa a kwaso tsarin Harare a dire shi yadda yake. Dole tambayoyin nan a sake gina su da Hausa da Gbagyi da Gade da Turancin kasuwa, daga bakin masu ciwon, kuma likitocinmu su tantance su. 'Yan mata mata ne za su saurare su, samari kuma a samo musu dattawa maza da 'yan uwansu samari. A wasu unguwannin zaure ko harabar Islamiyya ko ta coci za su fi harabar asibiti dacewa. Babban abin tsoro kuwa shi ne baki. A garin da kowa ya san kowa, rana ɗaya da sirrin wata yarinya zai fita daga benci ya shiga gidan biki, shirin ya mutu, kuma ya cancanci mutuwa. Saboda haka ba kowace tsohuwa ba ce za a ɗauka don ta tsufa, sai wadda unguwa ta shaida cikinta rijiya ce, a horar da ita, a haɗa ta da ma'aikaciyar jinyar da za ta riƙa miƙa wa abin da ya fi ƙarfinta, a kuma biya ta haƙƙinta ko yaya yake. Irin waɗannan matan muna da su: tsofaffin ungozomomi, malaman makaranta da suka yi ritaya, uwayen marayu, masu wa'azin mata. Ɓangaren matasa kuma ga ɗaliban Jami'ar Abuja da na Kwalejin Ilimi ta Zuba, ga masu yi wa ƙasa hidima da ake turo mana kowace shekara.

Kirana ga sashen lafiya na Ƙaramar Hukumar Kuje, da fadar mai martaba Gomo na Kuje, da limamai da fastoci da shugabannin makarantu, shi ne a gwada. A nemi likitocin ƙwaƙwalwa na Gwagwalada su tsara horon su kuma sa ido, a tuntuɓi mutanen Harare, waɗanda sun riga sun koya wa ƙasashe da dama. Mazaɓu goma ne a Kuje. Kowane kansila ya kawo sunan dattijai mata biyu da jama'arsa suka amince da riƙon amanarsu, ya sa kafintan unguwarsa ya haɗa benci guda a ajiye a asibitin mazaɓar. Mata ashirin ke nan, sun fi waɗanda aka fara da su a Mbare yawa.